Garemanin Dabai

Daga nan Zuru nake yi wa wani kamfani aiki. Muna adana wa 'yan kasuwa bayanan kayansu a rumbun intanet, mu kuma duba musu abin da ya fi fita da lokacin fitarsa. Wata safiya abokin aikina na birni ya kira ni, ya ce zai goge bayanan wani shagon kayan noma na garin Dabai. Wai kuskure ne, mutum ɗaya ba ya sayen garma ashirin rana guda.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, kada ka taɓa. Golmo ne. A wurinmu saurayi kan tara abokansa su yi wa surukinsa noma shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Babbansu ne ya sayo wa kowa."

Bayanan suka tsira. Muka shawarci mai shagon ya ƙaro garemani kafin ruwan farko, ko ɗaya ba ta yi kwantai ba.

Daga baya abokin nawa ya tambaye ni makarantar da na koyo wannan. Na ce a kantar hannun babana na karanta. Shekara bakwai ya yi yana huɗa a gonar surukinsa kafin ya auri mamata.