Kyauta, Ba Zazzaɓi Ba Ne

Ranar Talata, sha biyar ga watan Afrilu na shekarar 1952, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran yayata Kyauta, matar Gado magini, a Maraɗi. Labarin ya iske ni a Jiratawa ina dawowa daga lambu da kwandon albasa a kai. Wanda aka aiko ya ce zazzaɓi ne. A bakin kabari ma haka aka ce, kuma har yau duk wanda ya shiga gidan gaisuwa abin da ake gaya masa ke nan. Ni Tasalla, ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, na ɗauki alƙalami don in ce ba zazzaɓi ba ne. An san ni da baki tun ina yarinya, to yau bakin zai yi amfani.

Yaya, bari in fara da alherinki, don kada ɓacin raina ya rufe shi.

Ke kika riga ni bin Almasihu, lokacin da duk gidanmu ana yanka wa iskoki jan zakara. Baba ya yi shekara bai amsa gaisuwarki ba, amma ba ki fasa aiko masa da fura duk ranar kasuwa ba, har ya gaji ya sha. Ke kika koya mani karatun da nake rubutu da shi yanzu, da gawayi, a jikin bangon madafa, kina tuƙa tuwo da hannu ɗaya kina nuna mani baƙi da ɗayan. In na yi kuskure sai ki ɗaga muciya kamar za ki maka mani, ki fashe da dariya.

Ban taɓa ganinki zaune hannu sake ba. 'Ya'ya shida, miji mai fita tun asuba, ga baƙi. Duk mai bin Almasihu da ya shigo Maraɗi daga ƙauye, ko sayar da gyaɗa ya zo, ko kiran kwamandan, baturen mulki, ya amsa, gidanki ne masaukinsa. Ranar Asabar ke ce mai sharar majami'a da yayyafa mata ruwa. Ranar Lahadi ke ce mai ɗaga waƙa, da goyo a baya. In Kirsimeti ta zo sai ki kai kajinki wurin mijin Zuliha, maƙwabciyarki Musulma, ya yanka, don duk unguwa su ci ba tare da shakka ba. Ba wanda ya koya maki wannan, hankalinki ne.

Godiyarki kuwa har haushi take ba ni. Tuwo ya kama, ki ce an gode Allah, yara sun sami ƙanzo. Guga ya faɗa rijiya, ki ce an gode Allah da ba mai jan ba ce ta faɗa. Shekarar da gulbi ya ci tsohon gari, na iske ki kan tudu da yara jiƙe sharkaf, ɗaki ya tafi, rumbu ya tafi, kina rungume da turmin da ruwa ya turo maki, kina cewa ai ko gobe aka sami hatsi akwai wurin daka. Na ce, "Yaya, ke ko wuta aka sa maki godiya za ki yi?" Kika ce, "In sanyi ake, mi zai hana?" Muka yi dariya a ranar. Yanzu in na tuna ba ta ba ni dariya, don mutane sun saba da godiyar nan taki har suka daina duban fuskarki.

Ga abin da ya faru, kuma ina so a karanta shi yadda yake.

Ɗiyarki ta fari, Rahmatu, ta dawo gida haihuwar fari da shigowar bazara, kamar yadda aka saba. Ta sauka lafiya, wankan jego ya hau kanki, don innarmu da za ta ɗauke maki shi ta daɗe da rasuwa. Mata sun san abin da ake nufi da wankan jego, maza kuwa sai dai su ga hayaƙi. Safe da yamma a cika babbar tukunya, a tafasa ta da ganye, har a yi arba'in. Tun da aka hau da gari kan tudu rijiyoyi suka yi zurfi, ga rani ya janye ruwa. Ke ce jan guga, ke ce ɗaukar tulu, ke ce faskare, ke ce sauke tukunya daga murhu.

Ranar suna na zo. Ina shiga madafa na ga kin ɗaura zane biyu cikin wannan zafi, ƙafafunki sun kumbura, kuma da aka buɗe daddawa kika kau da kai. Ni ma na haifa, na san abin da na gani. Na ja ki bayan rumbu na ce, "Yaya, wata nawa?"

Kika toshe mani baki da tafin hannunki. Kika ce, "Rufa mani asiri, Tasalla. Ina da suruki, yau ga jika. A ce uwa da ɗiya suna goyo tare? Da wane ido zan dubi mijin yarinyar nan?"

Yarinyar nan. Haka kike kiran Rahmatu tun da kika haife ta, don kunyar ɗan fari ba ki taɓa furta sunanta ba. Na ce to ki ba ni ita in tafi da ita Jiratawa, can ruwa kusa yake, in ƙarasa mata wankan. Kika ce in kika ba da ita za a tambayi dalili. Na ce in zauna nan in kama maki. Kika ce shi ma za a tambayi dalili, ga maigidana kwance ba lafiya, ga albasa ta isa cira. Kika ce, "Allah ya ba ni ƙarfi, an gode masa. Tafi gidanki."

Ban tafi ba sai da na tari Gado a zaure. Amma mijin yaya abokin wasa ne, shekara ashirin ba abin da ke haɗa mu sai tsokana. Na ce masa, "Gado, matarka ba ita kaɗai ba ce, ka ɗaukar mata mai kawo ruwa." Ya waiga ya ga ko wani ya ji, ya yi dariya ya ce, "Ke dai ba ki rabo da tsiya. Yaushe za ki girma?" Na ce yau ba wasa nake ba. Ya ce ai kullum haka nake cewa. Ya sani sarai, Yaya. Ya ɓuya ne a bayan wasan, don shi ma kunyar surukinsa yake ji, da furfura a gemu.

Sai ga bikin Tashin Almasihu ya matso. Kowace shekara masu bi na ƙauyuka suna haɗuwa a garin Tsibiri, kuma kowace shekara ke ce uwar tukwane. Na tafi takanas wurin Inna Atika, shugabar matan ikilisiya, na durƙusa na roƙe ta ta sa wata a madadinki bana. Ta ce, "Tasalla, kina tsammani mu makafi ne? Duk mun gani. Amma in na cire ta daga girki, na tona mata asiri a gaban ikilisiya. Mace mai kunya ce, a bar ta da kunyarta." Na ce kunya ba ta ɗaukar tukunya. Ta ce ba ni da ta-ido, kuma ba a yi wa manya irin wannan magana.

Wannan ita ce maganar da ta fi ci mani rai. Da ba su sani ba, da na ce tsautsayi. Mata fiye da ashirin suka gan ki kin ɗauko tukunyar ƙarfe a kai tun daga Maraɗi har Tsibiri. Suka gan ki tsaye kan murhu uku cikin ranar bazara, kina dafa bango in za ki miƙe. Kowace ta kau da ido don ta girmama ki. Ɗakin magani yana nan kusa, ana hango ƙofarsa daga madafa, ba wadda ta ce maki zo mu je. Ranar Lahadi kika ɗaga waƙar tashi daga matattu, muryarki na rawa, aka ce Ruhu ne ya sauko maki. Na ce ki kwana biyu a Tsibiri ki huta, kika ce kin bar mai jego a hannun maƙwabta, ba za ki ƙara masu nauyi ba. Nan muka rabu, kika yi Maraɗi da tukunyarki, na yi Jiratawa da fushina.

Abin da ya biyo baya Zuliha ce ta gaya mani, don ita ce ke tare da ke. Ranar Talata da hantsi kin dawo daga rijiya da tulu, jini ya ɓalle maki a tsakar gida. Kika ja jiki kika shiga ɗaki, kika sa aka kira Zuliha ta kan katanga. Tana ganin halin da kike ciki ta ce a ɗauke ki sai asibiti. Sai aka yi sallama a ƙofar gida. Mijin Rahmatu ne, da kawunsa da wansa, sun zo ganin mai jego da yi wa Gado barka da biki. Gidan ƙofa ɗaya gare shi, kuma ta zaure take. In za a fita da ke, sai an ratsa da ke ta gabansu.

Kika riƙe hannun Zuliha kika ce, "Bari su tashi."

Ta leƙa ta yafuto Gado, ta gaya masa a bayan ƙyaure. Ya ce yanzu za su tafi, ba a korar suruki. Ya koma ya zauna. Aka kai masu ruwa, aka kai fura, aka shiga zancen farashin gyaɗa da harajin bana. Da suka yi haramar tashi, ladabi ya sa Gado ya ce ai a tsaya a ci abinci, yana tsammani za su ƙi. Suka tsaya. Zuliha ta ce sau biyu tana miƙewa za ta fita ta faɗa masu da bakinta, kina jawo zanenta kina cewa kada ta kunyata ki a gidanki. Mutanen nan ba su da laifi, ba su san komi ba. Da an ce masu uffan, su da kansu za su ɗauki gadon.

Sai da rana ta karkata suka yi sallama. Maza huɗu suka ɗauke ki a kan gadon kara. Ba ku kai rabin hanya ba. Zuliha ta ce maganarki ta ƙarshe tambaya ce, ko an ɗora wa yarinyar nan ruwan yamma.

A wurin jana'iza mai wa'azi ya ce ke ce macen da ba a taɓa jin kukanta ba, kullum cikin godiya, ya ce 'yan mata su yi koyi da ke. Na ga Inna Atika tana gyaɗa kai tana share hawaye. Na ciji leɓena har ya fashe. Ban ce a daina godiya ba, Yaya, Allah ya isa a gode masa. Amma ban ga inda Littafi ya ce a bar mace ta zubar da jininta a ɗaki don kada baƙo ya ji kunya ba. Macen nan mai zubar jini da muke karantawa, cikin taron maza ta kutsa ta taɓa rigar Ubangiji, bai ce mata marar kunya ba, ɗiyata ya kira ta.

Rahmatu tana ɗakin jego duk abin nan, an ce mata zazzaɓi ne. Ranar da na karɓi wankanta, ina sheƙa mata ruwa, ta ce, "Inna, wane irin zazzaɓi ne ake haƙa rami a binne tabarma saboda shi?" Matan gida suka yi ta ƙifta mani ido. Na ajiye ganyen na gaya mata duka. Ta yi kuka har ruwan ya huce, tana cewa ita ta kashe ki da tulunan wankanta. Na ce mata ba ita ba ce, jaririya ce a wannan magana kamar ɗan da ke hannunta. Manya ne suka gani suka yi shiru. An ce na yi rashin hankali da na faɗa wa mai jego. Na ji. Gara ta yi kukan gaskiya yanzu da a wayi gari ita ma ta ɗaura zane biyu.

Yaya, ina jin haushinki ke ma, ba zan ɓoye ba. Kin ciyar da rabin ƙasar nan, kika kasa roƙon mutum uku su tashi daga zaure. Amma haushin ƙanwa ne, ba ya kai wa ko'ina, da na shiga madafarki na ga muciyarki jingine sai ya narke.

Allah shi jiƙanki, Kyauta. Shi ba ki hutun da ba mu ba ki ba. Almasihun da kika bi tun kina amarya shi karɓe ki a inda ba tulu, ba murhu, ba wanda za ki ji kunyarsa. Shi raya marayunki shida da jikanki, shi saka wa Zuliha da alheri, shi gafarta wa ikilisiyarmu, shi buɗe bakin matanta.

Ina yi wa Rahmatu da ƙannenta ta'aziyya, da danginmu na Jiratawa, da masu bi na Maraɗi da Tsibiri. Kai kuma Gado, yau ba wasa tsakaninmu. Gari duka ya yi maka gaisuwar matarka, ba wanda ya yi maka ta ɗayan, don an ce babu shi. To ni ina yi maka. Mutum biyu ka binne ranar Laraba cikin likkafani ɗaya. Ba ka tambaya ba, amma Zuliha ta gan shi kafin ta naɗe shi a gefen uwarsa. Namiji ne, har ya yi gashi. Allah shi ba ka haƙurinsa.