Sikelin Hajiya Mairama

Ranar Litinin ɗin, Hafizullahi ya dawo daga sallar asuba ya sha kunu a tsaye, kamar kullum, ya buɗe shagonsa na gyaran kayan lantarki da ke jikin zauren gidansu a Isa. Mahaifinsa Malam Halliru, wanda ya yi ritaya daga koyar da kimiyya a sakandare, ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa.

Da hantsi Hajiya Mairama mai sayen riɗi da wake ta iso da sikelinta mai nuna lamba. Fuskar sikelin ta mutu, ga kaka ta kama.

"Ɗan nan, in ba sikelin ga, 'yan Nijar ba su yarda da awona."

"Hajiya, ke da kika rene ni da ƙosai? Za ni duba shi yanzu."

Kafin azahar ya buɗe cikinsa. Zarginsa ya faɗa kan wani ɗan ƙarfe mai kamar ƙwayar wake, wanda ke ba fanel, wato allon wayoyin cikin sikelin, bugun da yake aiki da shi. Don ya tabbatar, sai ya jawo injin sigina, akwatin toka-toka da ya saya tun yana kwalejin fasaha a Sakkwato. Injin yana fitar da bugu irin wanda ƙarfen ya kamata ya bayar.

Yana da ƙa'ida wadda ba ya tsallakewa. Ya mayar da maɓallin ƙarfi sifili. Ya maƙala baƙar waya a ƙasan fanel tukuna, sannan ja. Sai ya riƙa ƙara ƙarfi sannu a hankali, ba ya wuce bolt uku da ɗoriya, don irin wannan fanel ba ya jure fiye da haka. Lambobi suka farka.

"Baba, ka gani? Rai nai na nan."

Ya kashe, ya cire wayoyin, ya buga wa Wakili, ɗan kasuwa mai zuwa Maraɗi, ya sayo masa sabon ƙarfen. Bayan la'asar ya hau babur zuwa Kurawa duba famfon sola. A hanyar dawowa tayar gaba ta fashe. Kafin a kai shi asibitin Sabon Birni ya cika. Shekararsa ashirin da bakwai.

Bayan addu'ar bakwai Wakili ya zo gaisuwa, ya ajiye ƙullin takarda mai ɗauke da sabon ƙarfen a gefen tabarma. Hajiya Mairama ta zo sau biyu, ba ta ambaci sikeli ba. Malam Halliru ya san tana ta mayar da masu riɗi, kuma ya san in fanel ɗin ya ƙone babu irinsa a kusa. Ba ya son aikin ɗansa na ƙarshe ya fita daga shagon a mace.

Ya buɗe shagon da safe. Ya karanta kimiyyar lantarki, ya koyar da ita, amma rabonsa da riƙe ƙarfen darma ya daɗe. Ya ga ya fi ya sake gwajin kafin ya taɓa komai, don ya tabbata inda Hafizullahi ya nuna masa ne. Ya kunna injin. Hannunsa ya riga ya ɗauki jar waya ya ɗora, sannan ya tuna ƙa'idar ɗansa. Ya janye da sauri, ya dubi maɓallin.

Yana kan sifili. Hafizullahi ya mayar da shi kafin ya fita.

Malam Halliru ya zauna. Sannan ya fara daga farko: baƙa, ja, ƙarfi sannu a hankali. Lambobi suka farka. Ya cire tsohon ƙarfen, ya darme sabon, darma mai kauri wadda ɗansa zai yi wa dariya. Ya ɗora mudun gero, sikeli ya nuna nauyi.

Da kansa ya kai mata. Ta duba, ta rufe fuska da gyale.

Tufafin Hafizullahi aka raba wa 'yan uwa. Babur ɗin aka sayar a yadda yake. Kayan gyara da mita aka ba abokinsa Jabir, mai shago a Sabon Birni. Injin sigina ma shi aka ba, amma sai da Malam Halliru ya sa shi ya haɗa wayoyin a gabansa. Jabir ya duba maɓallin, ya ɗauki baƙa tukuna.

"To," in ji Malam Halliru. "Ɗauka."