Surukuta a Cikin Manhajar Abincin Arfa

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da abokin aikina, muka sauka Jidda da rana tsaka. Titin Makka sumul, amma mai taksi ya yanka mana kuɗi har na tambaye shi ko motar zai bar mana.

Ɗan baffana ne ya kira mu, haifaffen unguwar Hindawiyya ta Makka, Hausarsa rabi Larabci. Kwangilar kai wa alhazai abinci ranar Arfa yake nema, kuma sai gwaji ya yi kyau za a ba shi. Manhajarsa kashi uku ce: ta masu girki a unguwar Ka'akiyya, ta direbobi, ta masu tanti. Sana'ata kuwa tabbatarwa da lissafi cewa ɓangarorin ba za su taɓa cijewa ba, wannan yana jiran wancan, wancan yana jiran wannan.

Bayan Umara muka duƙufa. Waken ful da gurasar tamis da safe, shinkafar kabsa da rana, har tumbina ya riga ni shiga ɗaki. Lissafi ya fito tsaf: in saƙon isowar direba ya ɓace a hanya, shi zai danna "a hanzarta", masu girki su ɗora masa kaya. Na bugi ƙirji na ce ko a gaban alƙali.

Ranar gwaji muna Arfa, fili fetal, rana na dukan ƙeya, masu ba da kwangila sai duban agogo suke. Motoci sun iso ban da ɗaya. Muka kira direban, ashe yana zaune ƙofar ɗakin girki, saƙonsa bai shiga ba, shi kuma bai danna komai ba.

"Malam, shugabar girkin nan surukata ce fa," in ji shi. "Sunana ya fito mata a allo ina cewa ta hanzarta? Aib, abin kunya! Gara a kore ni."

Ita ma Hajiyar ta hango shi sarai, amma ina! Ba za ta leƙo ta yi wa mijin 'yarta ta fari magana ba.

Ɗan baffana ya yi ta roƙon arziki aka sake ba mu dama. Muka cire sunan direba, "a hanzarta" ya koma "mota ta iso". Gwaji ya wuce lafiya, kwangila ta tabbata.

Na dawo Kano da dabino da zamzam. Lissafina bai yi ƙarya ba, iya abin da na gaya masa ya tabbatar. Yanzu duk wanda ya kawo mini manhaja, kafin in buɗe kwamfuta sai na tambaye shi wa ke auren 'yar wa.