Injin Hagu

Tun yana ƙarami ake kiransa Makanike, don ba abin da ke motsi a gidan da bai kwance ba: keken ɗinkin uwarsa, fanka, agogon bango. Yakan kara kunne a jikin ƙarfe ya yi tsit, sai ka ce likita. Ubansa, malamin lissafi a kwaleji, ya so ya yi jami'a. Yaƙi ya ɓarke, yaron ya shiga sojan sama.

"Ki kwantar da hankalinki, Mama," ya ce ranar tafiya. "Ni da baƙin mai zan yi yaƙina. Harbi sai masu tsabtar hannu."

A rundunarsu akwai ƙa'ida: wanda ya gyara inji, da shi za a tashi. Wata safiya ya gama aiki a injin hagu na wani jirgi mai inji biyu, ya wanke hannu, ya hau tare da matuƙi da ɗalibai uku da ake horarwa. Jirgin ya faɗi a wata gona bayan sansaninsu. Ba wanda ya fita.

'Yan ta'aziyya suka watse. Uwar ta yi kukanta har ta fara cin abinci. Uban kuwa ya san ƙa'idar nan, ita ba ta sani ba, kuma tambaya guda ta hana shi sakat: aikin ɗansa ne ya kashe mutum huɗu?

Ya yi ta sintiri zuwa sansanin, yana zama kan benci gaban wata taga mai ragar waya. Wani hafsa ya ce, "Baba, yaƙi ake yi. Wa ke da lokacin tonon toka?"

Daga ƙarshe ya samu sajan ɗin da ya koya wa yaron aiki, yana goge sifana a bakin rumfar jirage.

"Yaronka hannunsa na da kyau, Baba."

"Ba ita na tambaya ba. Injin hagu da ya gyara ne ya tsaya?"

Sajan ya daɗe yana juya tsumman hannunsa. "Wuta ta cinye duka biyun. Wallahi ba wanda ya sani."

Da ya koma gida, matarsa ta tare shi a bakin ƙofa. "Malam, me suka ce?"

Shi da ko ɗigo ba ya yafe wa ɗalibi, ya ce, "Iska ce ta kayar da jirgin."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta yafa gyale ta tafi gaya wa maƙwabciya. Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado, bai ko cire takalmi ba.