Usaini Ba Zai Riga Hasan Aure Ba

Shekara uku muka yi ɗaki ɗaya da Usaini a unguwar Pantai Dalam ta Kuala Lumpur, hawa na tara, a wani dogon bene da lif ɗinsa ke aiki ranar da ya ga dama. Ni ina digiri na uku a fannin noma, shi a lissafi. Mutumin Ɗambatta ne, dogo, mai sanyin magana, irin wanda idan ka taka shi, shi zai riga ka cewa yi haƙuri. Na yi masa faɗa a kan wannan hali har bakina ya gaji, don ni Hambali Allah bai yi ni da irin wannan sanyin ba.

Tagwaye ne su. Hasan yana gida yana gyaran waya a bakin kasuwa, kuma shan inna ya shanye masa ƙafafu biyu tun suna shekara uku. Da keken guragu, mai tuƙi da hannu, yake zuwa shago. Usaini bai taɓa furta kalmar gurgu a gabana ba. "Ɗan'uwana" yake cewa, sai ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da laifi.

Laifin kuwa ga shi. Wata goggonsu ta zo daga ƙauye za ta tafi da ɗaya daga cikinsu ya yi mata kwana biyu. Usaini aka zaɓa, ya yi ta tsala ihu yana riƙe da zanen Inna, sai aka ɗauki Hasan. A cikin kwanakin nan masu allurar rigakafi suka zaga unguwa, aka ɗiga wa Usaini, Hasan ba ya nan. Shi bai ma tuna abin ba. Goggon ce ta ba shi labari yana ɗan sakandare, tana dariya, wai shi tun yana yaro yake da wayo. Na ce masa, "Yanzu kai da iliminka, kukan yaro ɗan shekara uku ne za ka ɗora wa kanka har furfura?" Ya ce, "Ba za ka gane ba, Malam." Gaskiya ya faɗa, ban gane ba.

A gidansu komai biyu ake yi, kamar yadda aka saba yi wa tagwaye. Riga iri ɗaya, hula iri ɗaya, ranar kaciya ɗaya, ranar saukar Alƙur'ani ɗaya. Usaini ya taho da wannan har Kuala Lumpur. Idan ya sayi agogo sai ya sayi biyu, idan bai samu na biyun ba ya fasa. Abin da kuma ya san Hasan ba zai iya ba, shi ma ya haramta wa kansa. Ba ya ƙwallo da mu ranar Asabar, sai dai ya zauna a gefe yana gadin takalma.

Babbar matsalar ita ce Rumaisa. 'Yar Zariya ce, ma'aikaciyar jinya, tana digiri na biyu, tana zaune a unguwar Taman Melati da wasu 'yan mata uku. Yarinya mai hankali, mai faɗar gaskiya ba kwana-kwana. Shekara biyu suna tare, iyaye sun sani, abin da ya rage a turo manya kawai. Duk lokacin da maganar ta taso, a gida ko a nan, amsar Usaini ɗaya ce: sai ya gama karatu. Ni kaɗai na san ba karatu ba ne. Ya gaya mini da bakinsa wata rana muna shan shayi a shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi masu shayi, da ke ƙasan benenmu. Ya ce ba zai riga Hasan aure ba, kuma bai ga macen da za ta auri Hasan ba.

Na ce, "Ka tambaye shi?"

Ya ce, "Da wane bakin zan tambaye shi? In tuna masa?"

Sai korona ta zo aka kulle gari. Jami'a ta rufe, jirgin ƙasan da yake hawa zuwa Taman Melati ya zama ba a shiga sai da dalili, 'yan sanda sun tare hanyoyi. Mutum ɗaya ke fita cefane, mu tapau abinci, wato a ƙunso mana shi, mu hau sama mu ci muna kallon bango. Na gaji da shinkafa, na gaji da takunkumi, na gaji da fuskar Usaini, shi ma na san ya gaji da tawa. Kowace Juma'a bayan la'asar yana kiran Hasan, kuma na haddace hirar tsaf. Yaya ƙafar? Bayan yana ciwo? Keken bai lalace ba? Akwai abin da kake buƙata? Hasan ya ce lafiya lau, lafiya lau, babu komai. Minti biyar an gama. Ban taɓa jin ya tambaye shi wa ya zo shago yau ba, ko me ya ba shi dariya a satin.

Farkon shekara ta biyu da zuwan korona Rumaisa ta gama ta samu jirgi ta koma gida. Kafin ta tafi ta kira ni. Ta ce, "Yaya Hambali, Baba ya ce daga nan zuwa Babbar Sallah, in ba a turo ba, a bar maganar. Ni ma kuma na yarda da shi. Ba sai ya dawo ba, wakili ya isa. Ka gaya wa abokinka na gaji." Na gaya masa, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Na yi lallashi, na yi zagi, har na yi kwana uku ba na yi masa magana a ɗakin da bai fi taku shida ba. Sai ya ce in taya shi addu'a.

Ana saura sati ɗaya Sallah cutar ta kama shi. Aka zo da mota aka tafi da shi cibiyar killace masu korona, ni aka ɗaura mini abin hannu na shaidar killacewa aka ce kada in leƙa ko ƙofa. Jikinsa ya yi tsanani kwana huɗu, wayarsa a kashe. Sallah ta zo ta wuce haka. Ranar Juma'ar da ta biyo baya sai ga kira daga Najeriya, murya irin ta Usaini sak, amma mai ƙarfi, da ƙarar babura a bayanta.

"Malam Hambali? Hasan ne. Yau mutumin bai kira ya tambayi ƙafata ba, na ce ba lafiya ba."

Na gaya masa halin da ake ciki, na ce da sauƙi. To ni da bakina, ga gajiya ga haushi, ban san lokacin da na ƙara da cewa ɗan'uwansa ya yi asarar mace ta gari saboda shi ba. Na zayyana masa komai.

Ya ce, "Saboda ni?" Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Malam, shekara huɗu ke nan da aka kai gaisuwata gidan su Barira. Tela ce, shagonta yana kallon nawa. Inna ta ce rana ɗaya za a ɗaura mana kamar yadda aka yi mana komai, shi kuma kullum sai ya gama karatu. Na ce a bar shi, yana ƙasar mutane, karatu ya sha masa kai, kada a ƙara masa nauyi. Tausayinsa nake ji."

Na ce, "Kuma ba wanda ya gaya masa?"

"Wa zai gaya masa? Mu ne 'ya'yan fari, Inna ko sunanmu ba ta faɗa, balle ta yi masa zancen aure. Ni kuma sau biyu na fara, na ce akwai wata yarinya. Ka san me ya ce? Ya ce in yi haƙuri, Allah yana sane da ni. Daga nan ban ƙara ba."

Kwana goma bayan haka aka sallamo Usaini, ya rame, hawa benen ma sai da ya huta sau uku don lif ya ƙi. Na bari ya yi wanka ya sha kunu, sannan na gaya masa abin da Hasan ya faɗa. Ya ɗauki waya ya fita baranda ya kira Zariya. Ban ji abin da aka ce masa ba, amma bai yi minti biyu ba ya dawo. Ya ce Rumaisa ta yi masa sannu da jiki, ta ce ta ji daɗi da ya warke. Wani likita da suke aiki tare ya turo, ita ce ta ce a karɓa.

Na so in ce masa ai na gaya maka. Wallahi kalmar tana bakina. Na dube shi na kasa, na tashi na wanke kwanon kunun.

Shi da kansa ya kira Inna ya roƙe ta a raba ranar. Ta yi kuka, ta yarda. Aka sa wata Asabar cikin Oktoba, ƙarfe sha ɗaya a Ɗambatta, shida na yamma a wurinmu. Ya yi wanka ya sa farar shadda da hula, ya jingina wayar da tukunyar shinkafa, muka zauna a kan darduma muna kallo. Ga Hasan can a gaban liman cikin babbar riga, mutane sun cika ƙofar gida, 'yan kasuwa sai tsokanarsa suke yana mayar musu. Ban taɓa ganin mutum mai jama'a haka ba. Usaini ya matsa kusa da wayar ya ce a hankali, "Ban san waɗannan duka ba."

Aka shafa fatiha. Sanƙira ya miƙe ya ɗaga murya, bakinsa ya bi abin da garin ya saba faɗa shekara talatin da bakwai. "An ɗaura auren Hasan da Usaini..." Wani ya taɓa shi. Ya gyara, ya ce auren Hasan da amaryarsa Barira. Aka yi dariya can.

Usaini ya shafa addu'arsa a fuska. Hannuwan suka daɗe a wurin bai sauke ba.