Siminti a Kan Ƙasar Inna

Mutanen layi suna kiranta Inna Barkono, amma sai a bayan idonta. Duk ƙuruciyarta a sharar kasuwa ta ƙare, tana kwashe ruɓaɓɓen tumatir da ganyen da masu kaya suka watsar, tana tsaki, tana cewa da za ta sami fili ko kamar tafin hannu, da ta nuna musu yadda ake daraja abinci. Da ciwon gwiwa ya raba ta da tsintsiya, sai ta koma gidan ɗanta magini, ta ɗora ido a kan filin bayan gida.

Wurin juji ne da aka danne: fasassun bulo, kwalabe, ledoji, har da ƙafar takalmi. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya a durƙushe. Ta farfasa ƙasar da fartanya, ta zuba kashin kajin da ta roƙo a maƙwabta, da toka, da ɓawon kayan miya, ta lulluɓe da busasshen ganye. Duk wanda ya watsa mata ruwan sabulu a wurin kuwa, sai ya sha faɗa har ya ƙoshi. Damina ta wuce, rani ya yi nisa, ba ta shuka ko ƙwaya ba, irinta na ƙulle a tsumma. Ta san gwiwar ba za ta sake ba ta damar irin wannan tono ba, don haka ba ta son ta yi gaggawa ta ɓata. Ranar da ta damƙo ƙasar ta ga ta yi baƙi, tana marmashewa, ga tsutsar tana na motsi a ciki, ranar kaɗai surukarta ta ga haƙoranta.

Ana dab da faɗuwar ruwa aka kwantar da ita a asibiti saboda gwiwar. Likita ya ce a raba ta da taka wuri mai gargada. Ɗan nata yana son uwarsa, babu mai musu, amma magini ne, a wurinsa ƙasar kirki ita ce wadda ba ta motsi. Yana da ragowar siminti daga wani aiki. Bai tambayi kowa ba ya daddaɓe wurin, ya zuba tsakuwa, ya shafe. Abin takaici ma, aikin ya yi kyau.

Da ta dawo, ya riƙo hannunta yana fara'a. "Inna, zo ki ga abin da na yi miki. Yanzu ba tuntuɓe, ba wari, ba ƙuda."

Ta tsaya a bakin ƙofa, ranta ya yi baƙi ƙirin.

"Ina ƙasata?"

"Tana nan a ƙasa, Inna. Ban kwashe ba, dannewa kawai na yi."

"Wato ka binne ta da ranta. Kai da hannunka kuma, ba wani bare ba. Ɗauko guduma."

Surukar ta sulale ɗaki. Shi kuwa ya yi ta fasa simintin har zufa ta jiƙa rigarsa, Inna na zaune a kujera tana nuna masa da sanda. Da ya ɗaga ɓallin farko, ta sa ya miƙo mata ƙasar. Ta matsa da yatsu, ta ƙi marmashewa. Ta daskare kamar bulo, ga tana guda a manne, ta bushe.

"Kawo fartanyata."

Ya sunkuyar da kai. Da ita ya kwaɓa simintin, har ya bushe a bakinta. Da ya kawo, ta juya ta a hannu ta duba, ta mayar masa.

"Ka fara da kankare wannan. In ka gama ka ɗauki bokiti ka bi maƙwabta gida-gida, ka ce uwarka na roƙon kashin kaji. Tawa gwiwar ta gama nata, yanzu taka ce za ta durƙusa."