Ranar da Baba Ya Yanke Wa Kansa Wuta

Babana ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana yanke wa mutanen Haɗeja wuta. Aikinsa ke nan a hukumar lantarki ta gwamnati, kuma ya riƙe shi kamar ibada. In ya shigo unguwa da tsani a kafaɗa, filaya a aljihu, sai majalisa ta tashi tsaye, mutane su fara tuna masa zumuncin da bai san da shi ba. Ya yanke wa limamin unguwarmu, ya sauko ya bi shi sallar la'asar. Ya yanke wa surukinsa, kakana na wajen uwa, sannan ya durƙusa ya gaishe shi. Inna ta yi kwana uku tana ba shi miya babu gishiri.

Sai gwamnati ta sayar da lantarki ga 'yan kasuwa. A rediyo aka ce daga yanzu wuta sai mun gaji da ita. Mu dai abin da ya fara isowa gidanmu takardar sallamar Baba ce. Ya karanta, ya ninke, ya tura cikin hula. Washegari ya je ofis ya dawo da tsaninsa.

"Malam, wannan ba kayan gwamnati ba ne?" in ji Inna.

"Gwamnati ta sayar da kayanta. Na duba takardar, ban ga tsani a ciki ba."

Sabon kamfani bai wahalar da kansa ba. Taransfomarmu ita ce dai, mai gurnani kamar tsohon rago. Wayoyin su ne, falwayoyin da suka karkace ba wanda ya miƙar da su. Riguna ne kawai suka canja, aka samu masu tambari a ƙirji. Mita ba a ba mu ba. Wani ne a ofis zai ɗaga kai ya kalli silin, ya rubuta abin da muka sha.

A daminar da kogi ya cika har maza suka tare a bakin jinga suna jera buhunan ƙasa, wutar ta tafi ba ta yi sallama ba. Muka yi wata biyu ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Amma takardar kuɗin wuta ta iso a kan kari, har ta fi ta baya kauri. Baba ya rantse ba zai biya kuɗin duhu ba.

Ran wata Talata da hantsi, ina tsakar gida ina tace zoɓon sayarwa, na ji sallama. Ma'aikacin kamfani ne a kan babur, rigarsa fes, takarda a hannu. Ya ce an turo shi yanke wuta. Baba ya fito ya dube shi sama da ƙasa.

"To bismillah. Ga falwaya can."

Mutumin ya sosa ƙeya. "Baba, ko za a taimaka mini da aron tsani?"

"Kamfanin naku ba shi da tsani?"

"Akwai guda, Baba. Yana Kafin Hausa yau."

Inna daga bayan ƙofa ta ce kada ya kuskura. Baba bai ko waiwaya ba. Ya ɗauko tsanin, ya jingina, har da riƙe masa. Maƙwabta suka taru, don wannan abin kallo ne da ba a samu a talabijin, musamman ga waɗanda talabijin ɗinsu ya daɗe da zama teburi.

Mutumin ya hau. Ya tsaya yana kallon tarin wayoyin nan da suka sarƙe kamar taliya, ya miƙa hannu.

"Kai! Wannan ta gidan liman ce!" in ji Baba.

Ya miƙa ga wata.

"Ta mai niƙa! Ina safar hannunka? Wa ya koya maka aikin nan?"

"Sati biyu aka yi mana horo, Baba."

"Sauko. Sauko kafin ka mayar da matarka bazawara a ƙofar gidana."

Wutar da za ta kashe shi babu ita a layin, kowa ya sani, amma Baba ya ce ita lantarki ba ta da alkawari, ranar da ba a so ta ne take zuwa. Ya tattare babbar riga, ya karɓi filaya, ya hau. Cikin ƙiftawar ido ya zare wayar gidanmu, ya naɗe ta tsaf, ya sauko ya miƙa wa mutumin. Na ga fuskarsa a lokacin. Tun da aka sallame shi ban ga ya yi farin ciki irin na ranar ba. Maƙwabta har da tafi.

Inna ta ce, "Na auri maza a namiji ɗaya. Kai ne ɓarawon, kai ne alƙalin, kai ne kuma wanda aka yi wa satar."

Bayan sati biyu manajan kamfani da kansa ya zo, ya cire takalmi tun daga zaure. Ashe layin da ya bi ta fadama wajen Auyo ne ya faɗi cikin ruwa, kuma a duk ofishinsu babu wanda ya san inda falwayoyin suke. Taswirar ta ɓata wajen miƙa mulki. Baba ya bar shi ya yi ta ranka ya daɗe har ya gaji, sannan ya ce a nemo kwalekwale.

Da yamma ya dawo jiƙe sharkaf, da ƙullin bandar kifi a hannu, yana dariya. Ya ce sun sami falwayoyi uku kwance cikin ciyawar ruwa. Can gaba kuma, inda wayar ta sauko daidai kafaɗa, masunta sun mayar da ita igiyar shanya koma. Babbansu ya roƙi manaja da girman Allah, in za a dawo da wutar a aiko musu tukuna. Manaja ya yi alkawari. Baba ya ce wa masuncin ya kwantar da hankalinsa, ya ci gaba da shanyarsa har kaka.

Maganarsa ce ta tabbata. Sai da aka yanke shinkafa aka tayar da falwayoyin. A matsayin ladan aiki, manaja ya sa aka mayar mana da wayarmu, Baba yana ƙasa yana ba da umarni. Ranar da wutar ta dawo na ruga zan kunna firji don zoɓona ya ga sanyi. Na tarar Inna ta cika shi da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, don ɓera ba ya iya shiga. Na ce ta kwashe. Ta ce in jira a ga kamun ludayin wutar tukuna. Ba mu gama musun ba fanka ta tsaya.